'Yar Ikoyi da Sabo Huɗu

A Sabon Badun, unguwar Hausawan garin, idan ka bi layin da ya gangara daga wajen masallaci ya nufi Mokola, akwai wani gida mai shuɗiyar taga wadda ba ta rufuwa duka. Ruwan damina ya kumbura katakonta tun da daɗewa, masu gidan kuma suka bar ta da halinta. A bayan wannan taga Ashatu ta yi rabin rayuwarta, tana suyar ƙosai, tana dama kunu, tana kuma sanin Ikko.

Sanin Ikko shi ne babbar sana'arta, ko da yake ba wanda ke biyanta. A lokacin Ikko ce babban birnin ƙasa, can gwamnati take, can jirgin Makka yake tashi, can kowane sabon yayi yake fara sauka kafin ya hau mota ya zo Badun. Duk wanda tafiya ta kama zuwa can, in mace ce sai ta leƙo gidan Ashatu, in namiji ne sai ya turo matarsa. Sunanta ma ya ɓace a bakin mutane, sai dai 'Yar Ikoyi.

Abin da Sabo ba ta sani ba shi ne, Ashatu ba ta taɓa taka ƙasar Ikko ba.

Asalin abin kuskure ne, kuma ba ita ta yi shi ba. Mijinta Sammani mai sayen goro ne. Ya daɗe yana yawo a ƙauyukan Yarbawa na hanyar Ife, can ya aure ta a wani ɗan gari mai suna Ikoyi, maƙwabcin Apomu, inda gonakin goro da na koko suke shigowa har bayan ɗaki. Da ya dawo da ita Sabo a farkon shekarun tamanin, mata suka zo ganin baƙuwa. Wata ta ce, "Ke 'yar ina ce?"

Ta ce, "Ikoyi."

Ikoyin da matan Sabo suka sani ɗaya ce, ta Ikko, unguwar Turawa da jakadu, inda aka ce karnuka ma da sabulu ake musu wanka. Wata ta gyara ɗaurin kallabinta. Wata ta ja ƙafarta mai kaushi ta ɓoye ƙarƙashin zane. Ashatu ta buɗe baki za ta ƙara da cewa "ta wajen Apomu", sai ta ga an ɗauke tabarmar da aka shimfiɗa mata an kawo kujera. Ta haɗiye Apomu, kuma ba ta shaƙe ta ba.

Da Sammani ya ji labari, ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Ya ce, "Ni dai ban ji inda kika yi ƙarya ba. Daga Ikoyi na auro ki, ko a gaban alkali haka zan faɗa."

Sauran aikin taga ce ta yi shi. A ƙarƙashinta akwai benci inda direbobin Ikko da 'yan kamasho suke zama da safe, suna miƙo kwano, tana miƙa musu ƙosai ba tare da sun ga fuskarta ba. Suna ci suna zagin hanya, ita kuwa tana tsince sunaye kamar mai tsintar shinkafa. Ojota, Palmgrove, Onipanu, Fadeyi, Yaba, Oyingbo, Idumota, Obalende. Ta jera su a kanta kamar duwatsun murjani, tana ja ɗaya bayan ɗaya idan mai ya yi jinkirin zafi. Ta san inda gosulo yake kwana, ta san gadar da ɓarayin aljihu suke so, ta san direban da ya taɓa yin barci a kan sitiyari ya farka bai matsa ba. Abin da ba ta ji ba kuwa, sai ta ƙara da nata, kamar yadda ake ƙara ruwa a ƙullu idan baƙi sun yi yawa.

"Idan kin shiga moluwe, babbar bas ɗin nan tasu," takan ce wa mai tafiya, "kada ki zauna kusa da mai tallan magani, sai ya sa miki cutar da ba ki da ita. Idan kwandasta ya kira tasharki ki ce *o wa*, da ƙarfi, kamar kina kiran akuya. In kika tsaya kunya, sai dai ki ji ana kiran sallah a Oshodi."

"Teku fa, 'Yar Ikoyi? Yaya take?"

"Da safe shuɗiya ce. Da yamma sai ta yi kalar ruwan toka. Kuma ba ta son a nuna ta da yatsa."

Mutum ɗaya ne duk Sabo bai saye wannan kaya ba, wato Safara'u ƙanwar Sammani, wadda aurenta na Zariya ya ƙare ta dawo gida da keken ɗinki. Mace ce mai ido kamar bakin allura. Ta lura Yarbancin Ashatu na 'yan gona ne. Ta lura 'Yar Ikoyi takan gane goron da ƙwaro ya shiga tun ba a fasa shi ba, kuma ta iya kama kazar da ta tsere da hannu ɗaya. Tsakanin matar wa da ƙanwar miji akwai wasa, Safara'u kuwa ta mayar da wasan nan tarko.

"Matar Yaya, a Ikoyinku Turawa ne suka koya miki kama kaza?"

"A'a, dangin miji. Kama dangin miji suka koya mini, kaza gwaji ce."

"Me ya sa ba ki taɓa zuwa ganin gida ba?"

"Iyayena sun rasu, gidan ya zama ciyawa." Wannan gaskiya ce tsantsa, shi ya sa ta faɗe ta da hawaye na gaske, Safara'u ta ji kunya ta yi shiru. Amma shirun mai ɗinki ne, zare kawai take sakawa.

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da aka ce gwamnati na ɗaure kayanta za ta koma Abuja. A shekarar ne aka ɗaura auren Khairiyya 'yar maƙwabtansu da wani saurayi mai shagon yadi a Obalende, a tsakiyar Ikko. Gwaggo Hussaina, ƙanwar uban amarya, ita ce shugabar masu kai amarya, kuma da ƙafarta ta zo ta ce wa Sammani ba za a shiga Ikko ba sai da 'Yar Ikoyi a gaba.

Ashatu ta zuba wa mijinta ido daga bakin ƙofa, tana roƙonsa da gira ya hana. Sammani ya ɓare goro, ya duba rufin ɗaki, ya ce, "Gwaggo, ai ni ban isa in hana ta ganin gida ba. Ta je ta gaida mutan Ikoyi."

Safara'u ta ce ita ma za ta, ko da a kan rufin mota ne.

Zuwa bai yi wuya ba, domin an ɗauki shatar bas ɗin wani direba mai suna Manniru, shi ke tuƙi, Ashatu ke bayani. Da suka shiga gari sai ta rufe ido ta ja murjaninta, tana kiran kowace tasha kafin a iso ta, kuma ga mamakinta sai ta ga kowace tana nan inda aka bar ta. Ojota na nan, da hayaƙinta. Onipanu na nan. Matan suka riƙa taɓa juna. Amma da motar ta hau gada, ruwa ya buɗe dama da hagu ba iyaka, kwale-kwale suna yawo a kansa kamar ɓawon gyaɗa, rana ta farfashe a samansa kamar an zubar da tiren madubai, sai wani abu ya taso wa Ashatu daga ciki. Ta ce, "Innalillahi!"

Safara'u ta juyo. "Lafiya, matar Yaya?"

Ta share ido da gefen mayafi. "An ƙara ruwan. Da bai kai haka ba."

A Obalende, dangin ango suka nuna musu benaye da dogayen itatuwa a tsallaken titi, suka ce nan ce Ikoyi. Matan suka yi caa, sai an je an ga kufan gidansu. Ashatu ta dubi barikin soja da ke kusa, ta rage murya ta ce yanzu ba a shiga sai da takarda, wanda ya nuna gida da yatsa ma kama shi ake yi. Gwaggo Hussaina ta naɗe yatsunta cikin zane, maganar ta mutu.

Aka kai amarya ɗakinta, aka yi guɗa, aka yi nasiha, aka kwana. Da gari ya waye sai aka nemi Manniru aka rasa. Ya sami lodin kujerun wani ma'aikaci mai ƙaura zuwa Abuja, ya cire kujerun motarsa ya jibge a ƙofar gidan ango, ya bar saƙo cewa mata su yi haƙuri su hau ta haya, ai suna da 'Yar Ikoyi.

Dangin ango suka ce za su ba da ɗan rakiya. Kafin Ashatu ta ce madalla, Safara'u ta riga ta: "Haba, rakiya kuma? A garinta? Kada ku ci mata mutunci."

Haka suka fito, mata masu mayafai da ƙunshin kayan biki, suka tsaya a ƙarƙashin gadar Obalende, inda motoci masu ruwan ɗorawa suke tafasa kamar wake a tukunya. Kwandastoci na rataye a ƙofa suna ihu, kowa da nasa gari. Ashatu ta kasa kunne ko za ta ji an ce Badun, ba ta ji ba. Ta san a Ojota motocin Badun suke lodi, amma sunayen da suke kwance lafiya a kanta, a bakin kwandastoci sun narke sun zama ihu ɗaya. Tambaya kuwa ba ta taso ba, domin Safara'u na manne da kafaɗarta kamar ƙaya a zane.

Sai ga wata murya ta ratso hayaniyar kamar kiran uwa. "Sabo! Sabo! Sabo kai tsaye!"

Zuciyar Ashatu ta yi sanyi. Ta ce a ranta, Allah Sarki, ashe har ƙofar gida ake kai mutum. Ta ɗaga hannu kamar wadda ta saba, ta ce, "Ku shiga."

Da kwandasta ya faɗi kuɗin mota, Safara'u ta ɗaga gira. "Wannan ɗan abin? Har Badun? Ai ko daga Sabo zuwa kasuwar Shasha ba za a kai ki da shi ba."

"Ikko ke nan, dangin miji. Baƙo ke biyan kuɗin baƙunta. Ni fuskata suka gani."

Ba su gama gyara ƙunshinsu a cinya ba, Gwaggo ba ta ma kai ga fara gyangyaɗi ba, motar ta tsaya. Kwandasta ya bubbuga rufi ya ce an iso Sabo, kowa ya sauka.

Suka sauka. Ga kasuwa, ga shagunan rediyo, ga 'yan makaranta da littattafai, ga wani gini mai agogo. Ba masallacinsu, ba 'yan canji, ba ƙamshin tsiren layinsu. Sabo ce, amma ta Yaba. Duk shekarun da ta yi a bayan taga, idan direba ya ce na sauke shi a Sabo, ita gida take ji. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa Ikko ma ta yi wa kanta Sabo ba.

Gwaggo Hussaina ta juya gabas ta juya yamma. "'Yar nan, ina ne nan?"

Safara'u kuwa murmushi kawai take, irin na wadda zarenta ya shiga allura.

Ashatu ta gyara mayafi. Ta ji sunanta na shekaru yana zamewa daga kanta kamar tulu a kan gammo, sai ta kai hannu ta tare shi.

"Gwaggo, wa ya ce muku gida za mu? Ashe ba ku san al'adar ba?"

"Wace al'ada?"

"A Ikko, masu kai amarya ba sa komawa ta hanyar da suka zo. In sun koma ta nan, amarya za ta bi sawunsu, kafin wata ya mutu kun gan ta da yaji a ƙofar gida. Sai an ɓatar mata da sawu. Daga Sabo zuwa Sabo ake bi, tana tambaya ana ce mata sun tafi Sabo, ta rasa wacce."

Gwaggo ta dafe ƙirji. Khairiyya yarinya ce mai ƙulafucin uwa, duk dangi sun san haka. Gwaggo ta ce, "Kin ji! Da Manniru ne da ya kashe auren nan. Allah ya yi miki albarka."

Safara'u ta ce, "To sai mu ga ta gaba, matar Yaya. Tunda Sabo ba ta ƙarewa."

Ashatu ta ce za ta sayo wa Gwaggo lemo, ta tsuguna gaban wata tsohuwar Bayarabiya, ta raɗa mata da Yarbancin gona cewa ba wannan Sabon take nema ba, ɗayar. Tsohuwar ta nuna wata mota da leɓe, ta ce a shiga waccan mai zuwa ta Ikorodu. Ashatu ta tuna direbobi na cewa tsohuwar hanyar Badun ta Ikorodu take bi. Ta miƙe da lemo da ƙarfin gwiwa.

Wannan karon tafiyar ta yi tsawo. Gari ya ƙare, fadama ta fara, itatuwan kwakwa suka tsaya a cikin ruwa har gwiwa. Gwaggo ta samu ta yi barcinta. Ashatu ta fara jin ƙamshin gida a hancinta. Sai mota ta tsaya a bakin wata kasuwa, aka ce an iso Sabo.

Ta Ikorodu ce.

Ashatu ta sauko a hankali, ta dubi wurin, ta kaɗa kai kamar mai duba aikin da ta bayar. "Yauwa. Ta biyu ke nan."

A nan akwai 'yan uwa Hausawa masu sayar da albasa da barkono. Da suka ji masu kai amarya ne daga Badun, suka kai su wurin matansu, aka ba su ruwa suka yi sallah, aka kawo teba da miyar kifi, aka ƙulla musu busasshen kifi a takarda. Wata matar gidan ta tambayi abin da ya biyo da su ta nan, Gwaggo da kanta ta yi mata bayanin al'adar, har da ƙari. Matar ta ce wallahi shi ya sa ƙanwarta ba ta zauna ba.

Ita kuwa Ashatu, tana cin kifi tana tunani. Ta gane cewa duk inda Bahaushe ya sauke kaya a ƙasar nan sai an kira wurin Sabo, kuma Sabon nan a jere suke a kan hanya kamar maɓallan riga. Ikorodu, Shagamu, Badun, haka direbobi ke faɗa. Saboda haka da suka fito ba ta raɗa wa kowa komai ba. Ta tsaya a tsakiyar tasha ta ɗaga murya: "Ina motar Sabo ta Shagamu?" 'Yan kamasho suka yi rububin kayansu. Safara'u ta dube ta, a karo na farko da ɗan shakka a idonta.

Sabon Shagamu garin goro ne. Tun daga bakin titi huhuna suke jingine da juna kamar mutane a zaman makoki, ƙamshin ɗanyen ganye ya cika iska. Gwaggo ta ce tunda ziyara ake, sai a gaida manya. Aka nuna musu gidan wani tsohon mai masauki, Babandi, suka durƙusa a zaure suka gaishe shi. Ya tambayi hanya, Safara'u ta yi wata magana a kan ramukan titi, Ashatu ta yi dariya.

Tsohon ya ɗaga kai. "Wa ya yi dariyar nan? Matso. Wannan dariyar Mahmudu ce, har wushiryar. Ke ba Ashatu ba ce, 'yar Mahmudu na Ikoyi?"

Matan suka yi murna. Ga shaida daga bakin dattijo. Ashatu kaɗai ta ji ƙasa tana motsi.

"Ni ce, Baba."

"Allahu Akbar! Tare muka yi sayen goro da ubanki. Rabona da Ikoyi tun kina goye da ƙaninki. Gidanku na nan? Wanda gonar koko ta shigo har bayan ɗaki, birai suna satar muku ayaba?"

Safara'u ta gyara zama. "Birai, Baba? A Ikoyi?"

"Birai mana! Ita da kanta take korarsu da gwafa."

Ashatu ta numfasa. Ta dubi tsohon da tausayi, irin na wanda zai faɗa wa mutum rasuwa.

"Wayyo Baba. Ashe ka daɗe. Ai an sare gonakin nan duka. Benaye ne yanzu."

"Benaye? A Ikoyi?"

Gwaggo Hussaina ta karɓe. "Da idonmu muka gani jiya, Malam. Benaye har sama, ga Turawa, ga barikin soja. Ko yatsa ba a nunawa."

Sauran matan suka tabbatar, kowace da abin da ta gani. Wata ta ce motoci, wata ta ce tutoci.

Babandi ya cire hula ya riƙe. "Ikon Allah. To ɗan rafin nan da kuke wanki?"

"Ya cika, Baba. Gada aka yi masa, sai ka yi ta tafiya a kanta ba ka ga ƙarshenta ba."

"An ma ƙara ruwan," in ji Gwaggo.

"La'ilaha illallahu. To Apomu fa? Apomu mai kasuwar ayaba?"

Wannan suna ba wadda ta taɓa jinsa a cikin jerin tashoshin Ikko. Safara'u ta zuba wa matar wanta ido, ba ta ko ƙiftawa.

Ashatu ta ce, "Apapa ake ce mata yanzu, Baba. Jiragen ruwa ke tsayawa."

Wani sauti ya fito daga hancin Safara'u, kamar an taka kyanwa. Ta cusa mayafi a baki, ta miƙe ta yi cikin gida da gudu. Aka same ta a bayan randa, ta riƙe ciki, hawaye na zuba. Gwaggo ta ce kifin Ikorodu ne bai karɓe ta ba.

Babandi ya sa aka ba su goro fari da ja, ya yi wa amarya addu'a, ya ce shi kam duniya ta wuce shi.

A motar Badun, matan suka yi barci, kawuna na karo da juna. Rana ta sunkuya, daji ya yi ja. Safara'u ta matso har bakinta ya taɓa kunnen Ashatu.

"Matar Yaya."

"Na'am."

"Na taɓa raka wata sayen ayaba Apomu. Ban ga jirgin ruwa ba."

Ashatu ta dubi titi. "Wataƙila ranar ba su zo ba."

"Na kama ki."

"Kin kama. Sai ki soya ko ki dafa."

Har motar ta shiga Badun, ta ratsa rufin kwanon da tsatsa ta rina, ta hau ta gangara, ta zagaya shataletalen Mokola ana kiran magariba, Safara'u ba ta ƙara cewa uffan ba. Ashatu ta shiga gida da sanin cewa sunanta yana cikin bakin wata, kuma bakin ba mai rufuwa ba ne.

Kwanaki suka wuce tana suya ba daɗi. Ranar da Manniru ya dawo daga Abuja, Gwaggo Hussaina ta tare shi a ƙarƙashin shuɗiyar taga, mata suka leƙo daga zaure, direbobi suka bar cin ƙosai. Ta wanke shi tas, sannan ta ce Allah ne ya kuɓutar da auren, da ya dawo da su ta hanyar da suka je da tuni Khairiyya na gida.

Manniru ya ce, "Gwaggo, wace irin magana ce wannan? Ni da nake kwana a Ikko in tashi a Ikko, ban taɓa jin wannan al'ada ba. Ɓata kuka yi kawai! Wa ya ce muku ana zuwa Badun ta Yaba?"

Direbobi suka fara dariya. A bayan taga, matsamin ƙosai ya tsaya a hannun Ashatu. Ta ji an ture keken ɗinki, ta ji takun Safara'u ya nufi zaure. Ta rufe ido.

"Kai Manniru," in ji Safara'u, "amarya nawa ka taɓa kaiwa ɗaki?"

"Ni direba ne."

"To ka tsaya a sitiyarinka. Al'adar mata ce, a kunnenka za a faɗa? Ni nan da ƙafata na je, na ga dattijon da ya san ubanta a Ikoyi, ya san gidansu, har bayan ɗakinsu ya sani. Kai wa ya san bayan ɗakinku? Mutumin da ya sayar da mata saboda kujeru!"

Dariyar ta juya ta koma kan Manniru. Ya ajiye kwanonsa ya tafi duba tayarsa, wadda ba abin da ya same ta.

Safara'u ta dawo, ta tsuguna gefen murhu, ta ɗauki ƙosai mafi girma ba ta tambaya ba.

Ashatu ta ce a hankali, "Me ya hana ki?"

"Shekara da shekaru ina neman in kama ƙaramar ƙarya," in ji Safara'u tana hura ƙosan. "Sai na tarar da wadda ta mayar da Apomu tashar jiragen ruwa a gaban mutumin da ya san Apomu. Irin wannan ba a ba 'yan waje. Ta gidanmu ce."

Khairiyya ta zauna a ɗakinta, ta haifi 'ya'ya, ba ta taɓa yaji ba. Daga nan duk amaryar da aka kai Ikko daga Sabo, sai masu rakiya sun dawo ta Yaba da Ikorodu da Shagamu, direbobi na zagi, ramuka na cin tayoyi, mata na cewa a yi haƙuri, aure ake gyarawa. Ashatu ce a gaba kullum, Safara'u a gefenta, kuma kafin shekarun casa'in su ƙare ta san Ikko da tafin ƙafarta fiye da yadda ta taɓa saninta da kunne. Ta tsufa da sunanta a kanta. Idan wata baƙuwa ta tambaya ko da gaske a Ikoyi aka haife ta, ba ita ke amsawa ba. Safara'u ce ke ɗago kai daga keke ta ce, "Ni shaida ce."